Shirin Tafiya da Hukuncin Sallar Matafiyi: Daga Zuru Zuwa Sakkwato

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya hanyoyi a cikinta domin bayinsa su yi tafiya su nemi falalarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi tafiya ne, watau abin da ya kamata Musulmi ya sani, ya kuma tanada, tun kafin ya sa ƙafa a mota. Za a ɗauki tafiya daga Zuru zuwa Sakkwato a matsayin misali, domin kuwa hanya ce da mutanen Rikoto da sauran unguwannin Zuru suka sani sarai. Ƙasar Zuru ta zauna cikin Jihar Sakkwato tun daga 1976 har zuwa 1991, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, kuma har yanzu ƙafa ba ta ɗauke ba. Wani karatu ke kai shi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wani jinya a asibitin koyarwa, wani fatauci, wani kuwa zumunci. Mai bi ta Koko yakan ratsa Dabai da Mahuta, ya hau babban titin da ya taso daga Kwantagora da Yawuri, sa'an nan ya bi ta Maiyama da Jega da Aliero da Tambuwal da Shagari da Boɗinga, kafin ya shiga birnin Shehu. Tafiya ce mai cin babban kaso na yini, saboda haka da wuya lokacin salla ɗaya ko biyu bai riski mutum a kan hanya ba.

Abin takaici shi ne, sau da yawa mutum yakan tanadi kuɗin mota da kayan sawa da tsaraba, amma bai taɓa tambayar kansa inda zai yi Azahar ba. Sai rana ta faɗi yana cikin mota, ya tara salloli ya zuba su da dare, yana cewa ai shi matafiyi ne. Wani kuma yakan ga mota ta yi lodin da ya fi ƙarfinta, tayoyinta sun suɗe, ya shiga yana cewa abin da Allah ya rubuta ba makawa. Tushen kurakuran nan biyu ɗaya ne, watau barin shiri sai an hau hanya.

Shiri yana cikin sunna

Babu wanda ya kai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dogara ga Ubangijinsa, amma a dubi yadda ya tsara hijirarsa daga Makka zuwa Madina a shekarar 622 ta Miladiyya. Sayyidina Abubakar ya yi wata huɗu yana kiwon raƙuma biyu domin wannan tafiya. An bar Sayyidina Ali a baya domin ya mayar wa mutane ajiyarsu. Madina tana arewa, amma suka fara nufar kudu, suka ɓuya cikin kogon Sauru har kwana uku, sai da nema ya lafa. Asma'u ta haɗa guzuri, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin gari da dare, Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki wurin domin su sami madara. Sa'an nan suka ɗauki ɗan jagora da lada, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda a lokacin bai musulunta ba, amma ya san hanya kuma amintacce ne, ya bi da su ta gefen teku. Abin hawa, guzuri, labarin hanya, gwanin jagora, sauke amana, ba wanda aka bari.

Haka kuma aya ta 197 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni da riƙon guzuri. Buhari ya ruwaito cewa ta sauka ne game da waɗansu mutanen Yaman da sukan tafi Hajji hannu rabbana da sunan tawakkali, in sun isa Makka kuma su koma roƙon mutane. Tirmizi kuma ya ruwaito labarin mutumin da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umurce shi da ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara. Tawakkali aikin zuciya ne, shiri kuwa aikin gaɓɓai ne, ɗaya ba ya ɗauke wa mutum ɗaya.

Haƙƙoƙin da ake saukewa kafin fita

Na farko, mutum ya tsarkake niyyarsa, ya tabbata abin da zai kai shi halal ne, domin rangwamen shari'a a mazhabar Malik ba na mai tafiyar saɓo ba ne. Na biyu, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su har ya komo. Na uku, ya nemi yardar iyayensa. Na huɗu, ya dubi basussukan da ke kansa. Malaman Malikiyya sun ce mai bin bashi yana da ikon hana wanda yake bi tafiya, idan lokacin biya zai cika alhali ba ya nan, sai fa in ya wakilta wanda zai biya ko ya kawo mai lamuni. Na biyar, ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi da ajiyar mutane da ke hannunsa, ya danƙa wa amintacce. Hadisi ingantacce ya kwaɗaitar da kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, to, ina ga wanda zai hau titi? Marayu da yawa sun rasa haƙƙinsu domin mahaifinsu ya riƙe lissafinsa a ka, ya fita da safe bai komo ba.

Mace kuwa, asali ta yi doguwar tafiya tare da mijinta ko muharraminta. Imam Malik ya yi rangwame ga Hajjin farilla cikin amintacciyar ƙungiya. Maigidan da zai tura iyalinsa jinya ko makaranta, nauyinsa ne ya tsara wanda zai raka su da wanda zai tarye su.

Mota da direba da lokacin tashi

Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, ba su tashi sai sun naɗa madugu, sun san zangon da za su kwana da rijiyar da za su sha. Jega tana cikin manyan kasuwannin da ayari ke yada zango a ƙarni na 19. Mota ta gajarta tafiyar, amma ba ta ɗauke bukatar wannan tsari ba. Mai motar kansa ya duba taya da birki da fitilu da baƙin mai da ruwan lagireto, ya tabbata yana da tayar ajiya da jak. Mai shiga motar haya ya shiga a tasha, inda aka san direba aka san motarsa, ya guji tsayar da motar da bai sani ba a bakin hanya saboda arha.

Direba ya sani rayukan da ke bayansa amana ce. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, amma tun kafin dokar hukuma shari'a ta riga ta yi magana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a Burunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci ko ganganci yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya yi kisa bisa kuskure, kaffarar kuwa ga wanda bai sami baiwar da zai 'yanta ba ita ce azumin wata biyu a jere. Mai gudun wuce sa'a, da mai tuƙi cikin gyangyaɗi, da mai shan ƙwaya domin ya kore barci, da mai wuce wata mota a kan kwana, su yi wa kansu wannan lissafi tun rai bai salwanta ba. Fasinjan da ke zuga direba ya ƙara wuta shi ma yana da rabonsa na zunubi.

Sammako yana cikin sunna. An ruwaito addu'ar albarka ga wannan al'umma cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sahru Algamidi, ɗan kasuwa ne da yakan tura hajarsa da sassafe, ya kuwa yi arziki. An kuma yi gargaɗi game da tafiyar dare ga mutum shi kaɗai. A 'yan shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi sassa na ƙasar Zuru da maƙwabtanta na Zamfara da Neja, wannan gargaɗi ya ƙara nauyi. Lalle ne matafiyi ya tambayi direbobin tasha da waɗanda suka iso jiya halin da hanya ke ciki, ya tashi da wuri domin ya isa da sauran rana. In an tabbatar masa hanya ba lafiya, fasa tafiya ba ragwanci ba ne. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Ƙasaru

Asalin ƙasaru yana cikin aya ta 101 ta Suratun Nisa'i da aikin Manzon Allah, kuma a mazhabar Malik sunna ce mai ƙarfi. Ana mayar da salla mai raka'a huɗu ne zuwa biyu, watau Azahar da La'asar da Isha'i. Magariba da Asuba suna nan yadda suke.

Nisan da ke halatta ƙasaru, kamar yadda Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya kawo cikin Risala, baridi 4 ne, watau mil 48 na malaman fiƙihu, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da wajen kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Zuwa kaɗai ake lissafawa, ban da dawowa, kuma sai mutum ya ƙudurta wannan nisa tun farko. Saboda haka mai zuwa Dabai ko Mahuta ko Rijau daga Rikoto zai cika sallarsa, amma mai zuwa Kwantagora ko Jega ko Sakkwato ya cancanci ƙasaru. Wanda ya fita neman ɓatacciyar saniya bai san inda za ta kai shi ba, ba shi da ƙasaru ko da ya yi nisa.

Ƙasaru ba ya farawa da ɗaure kaya, ko da zama a tasha ana jiran mota ta cika. Sai an wuce gidajen gari na ƙarshe da suka haɗe da juna. Mutumin Rikoto da Azahar ta riske shi a tashar Zuru, in ya tashi yin ta a nan, huɗu zai yi. In kuwa mota ta fita gari lokacin sallar bai fita ba, ya yi ta a hanya raka'a biyu. Haka kuma a dawowa, yana ƙasaru har ya iso gidajen gari ko dab da su.

Abubuwan da ke yanke ƙasaru su ne shigar mutum garinsu, da shigarsa garin da yake da matar da ya riga ya tare da ita, da niyyar zaman kwana huɗu cikakku masu ɗauke da salla 20. Alal misali, ɗan kasuwar Zuru da ke da mata a Jega, in ya shiga Jega zai cika salla ko da yini ɗaya zai yi. Wajen lissafin kwana huɗu kuwa, ba a ƙirga ranar da aka shiga gari bayan alfijir. Wanda ya isa Sakkwato ran Litinin da yamma da niyyar tashi ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kwana uku cikakku ke gare shi, watau Talata da Laraba da Alhamis, saboda haka zai ci gaba da ƙasaru. In kuwa niyyarsa sai Asabar, to, ya zama mazauni tun daga isarsa. Ɗalibin da ya koma jami'a zai yi ƙasaru a hanya, ya cika da zarar ya isa. Mai jiran wata bukata da yake tsammanin ƙarewarta yau ko gobe yana ƙasaru ko da kwanaki sun yi yawa, sai fa in ya san a al'ada abin ba ya ƙarewa ƙasa da kwana huɗu, kamar mai jinyar wanda aka ba gado domin babban aiki. Direban haya da kullum yake kan hanya shi ma yana ƙasaru a tafiyarsa, ya cika in ya shiga gida.

Idan matafiyi ya bi limami mazauni, ya sami raka'a ɗaya tare da shi, sai ya cika huɗu. Idan mazauni ne ya bi matafiyi, sai ya miƙe bayan sallamar liman ya kawo sauran biyun. Sallar da ta kuɓuce a tafiya ana rama ta biyu ko da an iso gida, wadda ta kuɓuce a gida kuwa ana rama ta huɗu ko da a hanya ne.

Haɗa salloli biyu

A nan ne amfanin shiri ya fi bayyana, domin hukuncin ya rataya ne a kan sanin lokacin da mota za ta tsaya. An yi wa matafiyi rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da kuma Magariba da Isha'i. Ba a haɗa Asuba da kowace salla, ba a kuma haɗa La'asar da Magariba.

A wannan yanki rana takan gushe daga tsakiya kafin ƙarfe ɗaya. Idan ta gushe alhali matafiya suna tsaye, a ce a Koko ana cin abinci, kuma sun san ba za su sake tsayawa ba sai bayan faɗuwar rana, sai su yi Azahar, su jawo La'asar su haɗa nan take. Idan za su sake tsayawa kafin rana ta yi fatsi-fatsi, sai su yi Azahar kaɗai, su bar La'asar ga lokacinta. Idan kuwa rana ta gushe mota tana gudu, kuma za a tsaya a Jega ko Tambuwal kafin faɗuwar rana, sai a jinkirta Azahar a haɗa ta da La'asar a can. Idan babu niyyar yada zango sai bayan faɗuwar rana, to, a nemi direba ya ɗan tsaya a ƙarshen lokacin Azahar, a yi ta, La'asar ta shiga a bi da ita. Haka ake kwatanta Magariba da Isha'i. Babu wata fuska da shari'a ta yarda a bar Azahar da La'asar da gangan har rana ta faɗi.

Saboda haka ya kamata fasinjoji su yi magana da direba tun a tasha game da inda za a tsaya salla. Hadisin Abu Dawuda ya umurci mutum uku da suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Dattijo ɗaya da ya yi magana da yawun kowa cikin ladabi ya fi mutum goma masu gunaguni bayan lokaci ya fita.

Ruwa da alƙibla da halin tsoro

Matafiyi ya fita da alwala, ya riƙe buta da ruwansa. In ruwa ya ƙare, ko wanda ya rage na sha ne kawai, sai ya yi taimama da ƙasa mai tsarki ko yashi ko dutse. Wanda ya fid da rai ga samun ruwa ya yi salla a farkon lokaci, mai kokwanto a tsakiyarsa, wanda kuwa yake sa ran isa wurin ruwa ya jinkirta zuwa ƙarshen zaɓaɓɓen lokaci. Alƙibla daga wannan yanki tana gabas ne, a ɗan karkata zuwa arewa. In akwai masallaci a kusa a dubi mihirabinsa, in babu a yi ƙoƙari da rana ko da na'urar da ke cikin wayar hannu.

Nafila ta halatta a kan abin hawa cikin tafiyar ƙasaru, duk inda ya fuskanta. Farilla kuwa sai a ƙasa, da tsayuwa da ruku'u da sujada, sai dai bisa larura. Cikin larurorin da malamai suka ambata akwai tsoron 'yan fashi ko namun daji. Wanda ya tabbata saukowa a wani daji hatsari ne ga ransa, kuma lokaci zai fita kafin a isa wurin aminci, ya yi sallarsa a zaune cikin mota da nuni, ko da bai fuskanci alƙibla ba. In ya sami aminci da sauran lokaci, an so ya sake ta.

Juma'a da azumi

Wanda Juma'a ta wajaba a kansa, makaruhi ne ya tashi tafiya bayan fitowar alfijir ranar Juma'a, haramun ne kuma bayan gushewar rana, sai in yana da larura ko ya san zai riski Juma'a a hanya. Wanda ke cikin tafiya kuwa ba ta wajaba a kansa ba, amma in ya halarta ta isar masa.

Game da Ramadan, ayoyi na 184 da 185 cikin Suratul Baƙara sun ba matafiyi damar ajiye azumi ya rama, ko da yake a wurin Malik yin azumin ya fi ga mai iko. Sharaɗin ajiyewa shi ne tafiyar ta kai nisan ƙasaru, mutum ya bar gari kafin alfijir, kuma ya kwana da niyyar ajiyewa. Mai tashi daga Zuru da hantsi, ya cika azumin wannan rana. Wanda kuma yake cikin tafiya ya kwana da niyyar azumi, sa'an nan ya karya da rana ba tare da uzuri ba, ramuwa da kaffara sun hau kansa. Wannan mas'ala ce da mutane da yawa ke tuntuɓe a kanta, maganinta kuwa shi ne a yanke shawara tun da dare.

Abokan tafiya da komowa gida

Aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ta lissafa waɗanda za a kyautata wa, cikinsu har da abokin da ke gefen mutum, kuma manyan masu tafsiri sun ce abokin tafiya ne. Motar da ta tashi daga Zuru takan ɗauki Musulmi da Kirista, Bahaushe da Badakkare da Bafillace, ayar kuwa ba ta ware kowa ba. A sassauta wa tsoho da mai goyo wurin zama, a miƙa wa na kusa ruwa da abinci, a kame baki daga gardama. Wanda ya hau abin hawa ya karanta addu'ar da aka koyar, wadda ta ƙunshi ayoyi na 13 da 14 na Suratuz Zuhruf, ya kuma yawaita roƙo, domin addu'ar matafiyi tana cikin waɗanda ake karɓa. In mota ta lalace ko za a huta, a kauce daga kan titi, gama an hana matafiya sauka a tsakiyar hanya da dare tun zamanin raƙuma.

Hadisin da Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa ya siffanta tafiya da yanki na azaba, saboda tana hana mutum barcinsa da abincinsa, ya kuma umurci wanda ya gama bukatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. An hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, yau kuwa waya ta sauƙaƙa wannan. Sunna ce kuma mai dawowa ya fara biyawa masallaci ya yi raka'a biyu kafin ya shiga gida.

Wannan shi ne taƙaitaccen bayani a kan mazhabar Malik, wadda ita ce aka fi bi a wannan ƙasa. Wanda wata mas'ala ta shige masa duhu ya tambayi malamin unguwarsu tun yana gida, kafin ranar tashi. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su ga iyalansu lafiya, ya zaunar da hanyoyin ƙasar nan cikin aminci. Allah ne mafi sani.